Fayil ɗin mara lafiya ya shiga kwamfuta, toh amma yana iya fita?

Jama'a assalamu alaikum. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, na san ba irin wadda ake tattaunawa bace a majalisa bayan la'asar, amma wallahi ta shafi kowa a garin nan na Zariya, tun daga jaririn da aka kai asibitin yara na Banzazzau har tsohuwar da ake kaiwa asibitin koyarwa na Shika duba hawan jini. Maganar bayanan marasa lafiya ce da yanzu ake ta zubawa a kwamfuta. Ni harkar manhaja ce sana'ata, ina haɗa wa ƙananan asibitocin kuɗi da masu ɗakin gwaji kwamfutoci da netwok, don haka yawancin abun da zan faɗa da idona nake ganinsa.

Farko dai bari in faɗi gaskiya, shigar asibiti kwamfuta alheri ne. Duk wanda ya taɓa zama a benci tun safe ana cewa ba a ga folda ba, ko aka buɗe masa sabuwa saboda tsohuwar ta shige wani lungu, ya san daɗin a danna lamba kawai sunanka ya fito. Ba na ja da wannan ko kaɗan. Abun da ke damuna shine kowa yana sayen nasa ne shi kaɗai, wannan asibitin ya kira wani kamfani daga Legas, wancan ya kira wani yaro mai basira daga Samaru ya rubuta masa, wata ƙungiyar agaji ta zo da nata ta ajiye, kuma babu wanda ya zauna ya tambaya shin in mara lafiyar nan ya bar nan ya tafi can, bayanansa zasu iya binsa?

Ku duba yadda mara lafiya ke yawo a ƙasar Zazzau. Ya fara da kemis na bakin layi, abu bai yi ba ya tafi ƙaramin asibitin unguwa, daga nan a ce ya wuce asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko Wusasa ko wani na kuɗi a Sabon Gari, in abun ya yi tsanani sai takardar turawa zuwa Shika, in kuma tari ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce asibitin tarin fuka na Saye. Ga mutanen Giwa da Soba da Makarfi da Ikara da Kudan har na Funtuwa da ke zuwa kullum. Mutum ɗaya, ciwo ɗaya, amma kati barkatai, kuma labarin ciwon yana rarrabe gida-gida. Ba laifin wani asibiti nake gani ba, kowanne yana iya ƙoƙarinsa a cikin katangarsa, matsalar a tsakaninsu take, inda ba hurumin kowa bane. Sai ka ga likita yana tambayar dattijo, Baba wane magani aka baka a can? ya ce wani fari ne ƙarami da wani ja, ana sha safe da dare. Da wannan likita zai yi aiki. Ko kuma a sake gwajin da aka yi satin da ya wuce, kuɗi sabo, huda sabuwa, jira sabo, ga talaka da ya sayar da buhun masara kafin ya taho.

Misali ɗaya zan bada don shi ya fi kusa da mu. Yau kana tsaye gun mai POS a Kwangila ka tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan, kafin ka mayar da waya aljihu alat ya shiga. Bankunan nan ba manhaja ɗaya suke amfani da ita ba, kuma kishiyoyin juna ne a kasuwa. Abun da ya faru shine babban bankin ƙasa ya tilasta kowa ya koma lambar asusu mai lambobi 10, wato NUBAN, aka samu NIBSS a tsakiya tana karɓar saƙo daga nan ta miƙa can, tun 2011 aka fara tura kuɗi nan take, 2014 kuma BVN ta zo ta ce mutum ɗaya lamba ɗaya ko asusu nawa gareshi. Ba a ce kowa ya sayi kwamfuta iri ɗaya ba, cewa akai kowa ya bi ƙa'ida ɗaya wajen aika saƙo. Abun da lafiya ke nema kenan, illa dai bayanin lafiya ya fi na kuɗi sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, don kuɗi lamba ce kawai da suna, shi kuwa ciwo yana da tarihi da gwaji da hoto da magani da ra'ayin likita.

Kuma abun da mutane da yawa basu sani ba, ƙa'idojin nan akwai su, an daɗe da rubuta su, ba sai mun ƙirƙiro ba. Akwai wata ƙungiya HL7 da aka kafa a Amurka a 1987, aikinta kenan tsara yadda kwamfutar ɗakin gwaji zata aika sakamako zuwa kwamfutar likita. Tsohon tsarin nasu layuka ne na rubutu da aka rarraba da 'yan sanduna, layi ɗaya na bayanin mara lafiya, layi ɗaya na sakamakon gwaji, har yau injinan gwaji da yawa da shi suke magana. Sai a 2011 wani ɗan Ostireliya mai suna Grahame Grieve ya fito da sabon salo da ake kira FHIR, wanda ya ɗauko irin hanyar da manhajojin waya ke magana da intanet ya kawo harkar lafiya. A FHIR komai an gutsuttsura shi ƙanana, mara lafiya guda ne da siffarsa, ziyarar asibiti guda, sakamakon gwaji guda, maganin da aka rubuta guda, abun da jikin mutum baya karɓa guda, kowanne an faɗi filayen da zai ƙunsa da yadda za a nemo shi. Kyauta ne, a buɗe yake a intanet, duk ɗalibin kwamfuta na ABU ko Nuhu Bamalli da ya iya haɗa manhajar waya zai iya zama ya koye shi. Hotuna kuma irin eksire da sikanin suna da nasu tsarin, DICOM, tun 1993, shiyasa faifan da aka baka a wani gari yake buɗewa a wani garin, wannan ɓangaren ma ya fi kowanne daidaituwa.

Amma aika saƙo daban, fahimtar abun da ke ciki daban, kuma nan ne nake so in ɗan tsaya.

Wata goggona tana da ciwon suga. An mata gwaji a wani wuri aka rubuta 11, bayan ɗan lokaci aka sake a wani wurin aka rubuta 198. Ɗanta ya kira ni hankali a tashe, Yaya sugan Goggo ya haura daga 11 zuwa kusan 200, mu tafi asibiti yanzu. Na ce ya turo min hoton takardun. Ashe na farko da ma'aunin mmol/L suka auna, na biyu da mg/dL, kuma in ka ninka na farko sau 18 shi zai baka na biyu, 11 sau 18 kuwa 198 ne cif. Sugan yana sama dai kam yana buƙatar kulawa, amma bai motsa ba. Likita ko nas da ya ga takardun nan zai gane nan take. Kwamfuta fa? In manhajar farko ta tura 11 tsirara ba ma'auni, ta biyun ta karɓa a matsayin mg/dL, zata nuna wa likita cewa matar nan suganta ya faɗi warwas tana dab da suma, kuma in akasin haka ne sai a ɗauka ya kai inda ba a rayuwa. Shiyasa a ƙa'ida ba a tura lamba ita kaɗai, dole ta tafi da ma'auninta, kuma su kansu ma'aunan akwai tsayayyen tsarin rubuta su da ake kira UCUM. Haka nan kwanan wata, manhajar da aka rubuta a Amurka wata take fara sawa kafin rana, mu kuma rana muke farawa, 03/04 a gunsu 4 ga Maris ne a gunmu 3 ga Afrilu, ka ɗauka ranar da mai ciki ta ga al'adarta ta ƙarshe ce aka juya haka, lissafin watan haihuwa ya goce kenan.

Sai sunan ciwo. Hawan jini kaɗai, a foldoji na ga an rubuta shi HTN, na ga HBP, na ga HPT, wani ya zana kibiya sama ya sa BP. Duk abu ɗaya ne a idon ma'aikaci, a gun kwamfuta kuwa cututtuka huɗu ne daban. Maganin wannan shine lambar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin ICD, a bugu na 10 hawan jini I10 ne, maleriya mai tsanani irin tamu ta falsifarum B50, sikila D57, suga nau'i na biyu E11. Bugu na 11 an amince da shi a 2019 ya fara aiki 1 ga Janairun 2022, a cikinsa hawan jinin ya koma BA00. Gwaje-gwaje kuma suna da nasu kundin lambobin, LOINC, da cibiyar Regenstrief ta Indiyana ta fara a 1994, inda awon himogulobin na jini yake 718-7 ko a Zariya aka yi ko a Jidda. Akwai kuma wani kundin, SNOMED CT, shi ya fi zurfi, yana da ma'anoni sama da 300,000, daga alamar ciwo zuwa aikin tiyata zuwa sashen jiki. Ba wai likita zai haddace lambobin nan bane, a'a, shi ya zaɓi hawan jini a allo, ko da Hausa aka rubuta masa ma, manhajar ce zata liƙa lambar a baya. Manhajar da ta bar likita ya rubuta komai a akwati ɗaya yadda ya ga dama ba tare da ta liƙa lamba ba, tsakani da Allah folda ce kawai aka mayar allo, ba za a iya ƙirga komai da ita ba kuma ba zata iya gargaɗin kowa ba.

Gargaɗin nan shi yafi tsaya min a rai. Akwai mutanen da in suka sha magani mai sulfa irin Septrin ko Fansidar fatarsu ke saɓulewa, baki da ido su kwaile, abun yana kisa. Akwai waɗanda fenisilin ke rufe wa numfashi. Mutum ya sha wuya sau ɗaya an rubuta a wani asibiti, bayan shekaru an kawo shi wani asibitin cikin dare baya iya magana, wanda ya rako shi maƙwabci ne bai san komai ba. Layi ɗaya tak na bayani zai tsare ransa, kuma layin yana nan a rubuce, a wata kwamfuta da bata fi tafiyar ɗan sahu ba daga inda yake kwance. Ko ku ɗauki masu sikila, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawansu, kuma babu unguwar da babu su a garin nan. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini yana da muhimmanci a san sau nawa aka masa, yaushe, ko jikinsa ya taɓa bore, kuma nawa ne jininsa a ranar da yake lafiya lau, don abun da za a kira ƙarancin jini a wani yaro shi a gunsa daidai ne. Uwaye mata ne ke riƙe da wannan tarihin a ka, Allah Ya saka musu, amma bai kamata a ce a kansu kaɗai yake ba.

Yanzu ga babbar matsalar da ni a ganina ta fi duk sauran wuya a wajenmu: waye wannan mutumin? Kafin kwamfutoci biyu su haɗa bayani sai sun yarda cewa mutum ɗaya suke magana a kai. Toh Muhammad Sani Abdullahi nawa ne a Tudun Wada kaɗai? A nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, can Muh'd, a gida kuma Mamman ake ce masa ko Ɗanjuma. A'isha ta zama Aishatu ta zama Indo, kafin aure da sunan mahaifi bayan aure da sunan miji. Wata baiwar Allah ba zata faɗi sunan mijinta ba ko na ɗanta na fari saboda alkunya, sai ta faɗi laƙabi, ma'aikacin kati ya rubuta abun da ya ji. Ranar haihuwa kuwa dattawa da yawa 1 ga Janairu aka sa musu. Lambar waya ta miji ce ko ta ɗa, gida guda lamba guda. Na taɓa duba rumbun wani ƙaramin asibiti na tarar da mace ɗaya da fayil daban-daban har ban iya cewa wanne ne na gaske ba, awon cikinta na wani, gwajin jininta na wani. Kuma wannan ma da sauƙi, mafi haɗari shine a haɗe mutum biyu a fayil ɗaya, a ba wani rukunin jinin wani.

Mutane zasu ce ai ga NIN mai lambobi 11. Eh, tana taimakawa sosai kuma ya kamata kowace manhaja ta tanadi gurbinta. Amma jaririn da aka haifa yau bashi da ita, wanda aka kwaso daga hatsari a hanyar Kano ba a san ko waye ba, baƙon da ya zo daga Maraɗi bashi da ita, tsohuwar ƙauye ta bar takardar a gida, kuma haramun ne a ce sai da lamba za a duba mara lafiya. Don haka ana buƙatar rijista guda a tsakiya, ko ta jiha ko ta ƙasa, wadda zata riƙe cewa kati kaza na asibitin nan da kati kaza na wancan da NIN kaza da lambar inshora kaza duk mutum ɗaya ne, tana kwatanta suna da shekaru da unguwa da sunan uwa, in ta yi shakka ta miƙa wa ɗan Adam ya duba. Kuma dole wanda zai rubuta ta ya san sunayenmu, ya san cewa Abubakar da Habu da Garba da Buba suna iya zama mutum ɗaya. Wannan aikin ba wanda zai mana shi daga waje.

Ba daga sifili muke farawa ba a ƙasar nan, wannan ma a faɗa. Ƙididdigar wata-wata da ƙananan asibitoci ke cikewa daga rijistocinsu a kai ƙaramar hukuma, DHIS2 ake zuba ta, manhajar da Jami'ar Oslo ta Nowe ke jagoranta kuma ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suke amfani da ita. Sai dai ita jimilla take ɗauka, mutum nawa suka yi maleriya a watan nan, mata nawa suka zo awo, ba tarihin Malam wane ba. Ɓangaren masu cutar da ke karya garkuwar jiki su suka fi kowa nisa, suna da manhajoji na ajiye fayil ɗin marasa lafiya irin NMRS da kuma LAMISPlus, suna tura bayanai rumbu guda na ƙasa, har da ɗaukar zanen yatsa don kar a ƙirga mutum sau biyu. Hukumar NCDC tana da tsarin kwamfuta na bibiyar annoba mai suna SORMAS, wanda ya samo asali bayan Ebolar 2014. Kowanne yana aiki a layinsa. Amma je ka ƙaramin asibiti ka ga ma'aikaciya ɗaya da rijistoci jibge a tebur, ga waya ko tablet na wannan shirin ga na wancan, mace ɗaya ta zo awo sai an rubuta sunanta wuri-wuri, lokacin da ya kamata ta auna mata jini ta saurari bugun zuciyar ɗa ya tafi a rubutu. Da tsarin na magana da juna sau ɗaya zata rubuta, ƙididdigar wata ma ta fita da kanta. A 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a ABU ya yi karatun likita, ta ƙaddamar da shirin NDHI na zamanantar da bayanan lafiya da haɗa su, ina fatan alheri ga shirin nan matuƙa, kuma ina fatan ƙarfinsa ya tafi wajen kafa ƙa'ida da tilasta ta, ba wajen raba kwamfutoci kawai ba.

Don waɗanda suka riga mu sun gwada sun ga yadda take. Amurka ta yi doka a 2009 ta zuba sama da dala biliyan 30 don asibitoci su koma kwamfuta, suka koma kuwa, sai aka wayi gari manhajojin basa magana da juna, wasu kamfanonin ma da gangan suke toshewa don kar kwastoma ya gudu, sai da aka sake wata dokar a 2016 da ta haramta ɓoye bayanan, daga baya aka tilasta musu buɗe ƙofa ta FHIR. Ingila kuma ta bi ɗaya hanyar, a 2002 ta ce za a gina gagarumin tsari guda daga sama a ɗora wa kowa, a 2011 aka sanar da wargaza shi, daga baya aka ƙiyasta kuɗin da ya ci gaba ɗaya kusan fam biliyan 10. Estoniya ƙaramar ƙasa ce da mutanenta basu kai miliyan ɗaya da rabi ba, tun 2008 ta haɗa nata, kowane asibiti da manhajarsa amma duk suna miƙa bayani ta hanya guda. Indiya ta fara nata a 2021 da lambar lafiya mai lambobi 14, ita ma kan FHIR. Mu da muke farkon hanya, yawancin asibitocinmu ma basu gama shiga ba, yanzu ne gyaran ke da araha, nan da shekara goma kowa ya tara bayanai a rumbun da baya buɗuwa sai an kashe ninkin kuɗin.

Wanda ya fi burge ni kuma na aikin Hajji ne. Akwai wani taƙaitaccen bayani da aka amince da shi a duniya, IPS, ba duka fayil ba, abu uku ne ginshiƙinsa: cututtukan da mutum ke fama da su, magungunan da yake sha, da abun da jikinsa baya karɓa. A Hajjin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya da Saudiyya sun gwada katin lafiyar alhazai da aka gina kan wannan, alhazai sama da 250,000 daga Indonesiya da Malesiya da Oman suka samu. Ku tuna alhazanmu dattawa masu suga da hawan jini, ba Larabci ba Turanci, mutum ya faɗi a Mina cikin zafin nan likita bai san komai a kansa ba. Irin wannan katin mai ɗan tambarin da ake haskawa da waya shi ne abun da zamu iya farawa da shi a nan gida ma, ko ba netwok, ko NEPA ta ɗauke, a buga shi a bayan katin asibiti.

Na san akwai mai cewa malam ana fama da rashin wuta da rashin likitoci da tsadar magani kai kana maganar lambobi. Ina jin wannan kuma gaskiya ne. Amma ai saboda likitocin sun yi kaɗan ne bai kamata lokacinsu ya ƙare a tambayar wane magani aka baka ba, kuma saboda talauci ne bai kamata a biya kuɗin gwaji ɗaya sau biyu ba. Sannan ƙa'ida bata cin dizal, rubutu ne a takardar kwangila.

Akwai kuma tsoron da ni ma nake da shi, tonon asiri. Zariya gari ne da kowa ya san kowa, ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ƙila ɗan unguwarku ne ko surukin wani naka. In aka haɗe bayanai ba tsari, cutar da mutum ya ɓoye wa duniya, ko taɓin hankali, ko ɓarin da mace ta yi, ko jinin wanda ake neman aurensa, duk sai su zama abun leƙe, kuma aure na iya mutuwa a kan wannan, mutane su daina zuwa asibiti gaba ɗaya. Don haka haɗawa ba tana nufin kowa ya ga komai ba. Mai karɓar kuɗi ya ga kuɗi, mai bada magani ya ga magani, kowa da kalmar sirrinsa ba a manna guda a jikin allo kowa na shiga da ita ba, kuma duk wanda ya buɗe fayil a rubuta sunansa da lokaci. A Estoniya mutum da kansa yana iya shiga ya ga waye ya duba fayil ɗinsa. Doka ma tana gefenmu, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta adana bayanan mara lafiya da rufa masa asiri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mutum haƙƙin neman kwafin bayanansa da ɗaukar su zuwa wani wuri. Ma'ana fayil ɗin nan amana ce a hannun asibiti, ba kayan kamfanin manhaja bane.

Wannan ya kawo ni kan abun da ya sa na zauna rubutun nan. Wani likita dattijo mai asibitin kansa ya kira ni, ya ce Malam zo ka duba min, mun samu saɓani da waɗanda suka saka mana manhaja muna so mu canza. Na ce to ranka ya daɗe bayanan fa? Ya ce ai suna ciki. Suna ciki kam, shekaru na tarihin mutane, amma babu maɓallin fitarwa, rumbun a kulle, abun da kawai ake iya yi shine a buga fayil ɗaya-ɗaya a firinta. Da aka tuntuɓi kamfanin sai suka yanka kuɗi, kuma abun da suka bayar daga ƙarshe tebur ne da babu lambar cuta ko ɗaya, sunan magani a rubuce iri-iri, ma'auni babu. Ma'aikatan ɗakin kati ne suka zauna suna gyarawa da hannu, waɗannan bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba alhali su suka karanci harkar, su suka san lambobin ICD, kuma da an tambaye su tun ranar sayen manhajar da ba a kai nan ba.

Don haka ga masu asibiti da shugabannin sashe da duk wanda za a kawo wa takardar sayen manhaja ya sa hannu, har da hukumar inshorar jiha KADCHMA da ta tarayya NHIA waɗanda su ke da ƙarfin cewa ba zamu biya ba sai an turo da lambar cuta, roƙona kar a tsaya kan kyan allo. A tambayi mai sayarwa ko manhajarsa tana liƙa ICD a kan cuta da LOINC a kan gwaji, ko tana ajiye ma'auni tare da sakamako, ko tana da ƙofar FHIR, ko tana aiki in netwok ya ɗauke ta tura daga baya, ko tana rubuta wanda ya buɗe fayil. A sa a yarjejeniya baro-baro cewa bayanan na asibiti ne da marasa lafiyarsa, kuma duk ranar da aka rabu za a miƙa su cikakku ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Kowa zai ce eh a baki, shiyasa kar a biya kason ƙarshe sai an gwada, a zauna da ma'aikacin ɗakin kati da nas da mai ɗakin gwaji, a ce ya fitar da fayil ɗin mutum goma na gwaji a gaban kowa, a loda su a wata manhajar daban da ba tasa ba, a duba ko suna da shekaru da magani da sakamako da ma'auninsa sun iso yadda suke. In sun iso a biya shi, in basu iso ba ya koma ya gyara.